Daga Kufena zuwa Kalambaina: yadda duwatsunmu suka samu, da abin da suke yi mana

Ina yaro aka kira mai haƙar rijiya gidanmu, a wani ƙauye kusa da Zariya. Kullum in an tashe mu daga makarantar allo sai in tsuguna bakin ramin ina kallon abin da guga ke fitowa da shi. Da fari ƙasar noma ce mai duhu-duhu. Daga nan jar ƙasa. Sai marmara, mai ramuka kamar saƙar zuma, wadda diga ke tartsatsi a kanta. Bayan ita wata farar laka mai santsi a hannu, sannan wani abu da ya ɗaure mini kai: kamanninsa na dutse ne sak, da ɗigo-ɗigon fari da baƙi, amma in ka matse shi a tafin hannu sai ya marmashe, ya bar maka ƙyalƙyali a fata. Mai haƙar ya ce mini sunansa ruɓaɓɓen dutse. Wata rana da hantsi ya fito daga ramin, ya kakkaɓe wando, ya ce wa mahaifina: "Alhaji, mun kai ga falalen dutse. Daga nan sai dai nakiya." Ruwan da aka samu ɗan kaɗan ne, yana tsattsafowa daga ruɓaɓɓen dutsen nan, kuma duk shekara da bazara ta yi nisa sai rijiyar ta ƙafe.

Kawuna da ke zaune a ƙasar Haɗeja ya zo ya ga ramin, ya ce su can ba su san wannan wahalar ba. In ka haƙa, rairayi ne da laka har iyakar ƙarfinka, ba dutse ko ɗaya. Su fargabarsu ita ce kada rijiya ta rufta da mutum. Ƙasa ɗaya, rana ɗaya, damina kusan ɗaya, amma ƙarƙashin ƙafa ya sha bamban. Dalilin wannan bambanci yana cikin irin dutsen da kowane gari ke zaune a kai, kuma shi nake so mu warware.

Masana ilimin ƙasa sun kasa duwatsu gida uku, bisa yadda suka samu. Akwai waɗanda suka sandare daga narkakken dutse, mu kira su duwatsun wuta. Akwai waɗanda suka samu daga yashi da laka da ɓawon halittun ruwa da suka kwanta hawa-hawa har suka daskare, mu kira su duwatsun shimfiɗa. Sai waɗanda da can wani iri ne, zafi da matsi suka sauya musu kama, wato rikiɗaɗɗun duwatsu. Dukkan ukun muna da su a ƙasar Hausa da kewayenta.

Mu fara da wanda kowa ya sani. Je ka inda tifa ta sauke tsakuwar gini, wadda magina ke kira giranit, ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka wanke ta ka duba da kyau a rana. Za ka ga abu uku a cakuɗe. Akwai mai kama da fasasshen gilashi, toka-toka, wato ƙanƙarar dutse, wadda masana ke kira kwaz. Akwai fari ko ja-ja maras sheƙi sosai, sunansa felsifa, shi ne ya fi yawa. Sai baƙaƙen ɓarɓashi masu ƙyalli da ake iya ɓamɓarewa da bakin allura, su ne maika. Waɗannan su ake kira ma'adinai, kuma kowane dutse haɗin ma'adinai ne, kamar yadda miya take haɗin kayan cefane. Kowanne da taurinsa. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin tauri a 1812, daga 1 zuwa 10, inda lu'ulu'u, wato daimon, ke kan 10. Kwaz yana kan 7, ƙarfen wuƙa kuwa wajen 5 da rabi, shi ya sa wuƙa ba ta karce kwaz, shi ne ke cinye ta. Wannan ne sirrin dutsen wasa wuƙa da dutsen niƙa na kakanninmu.

Me ya sa ake ganin ƙwayoyin giranit ƙuru-ƙuru da ido? Saboda a hankali ya huce. Narkakken dutse ya taso daga can ƙasa, bai kai ga fitowa fili ba, ya tsaya a zurfin kilomitoci, lulluɓe da wasu duwatsun, ya ɗauki dubban shekaru yana sanyi. Wannan jinkirin ya ba kowane ma'adini damar girma. Kufena ta Zariya, da Kwatarkwashi ta Zamfara, da duwatsun da suka kewaye Dutse ta Jigawa, da Zuma da ke bayan tsohuwar takardar naira ɗari, duk a ƙarƙashin ƙasa suka sandare. Abin da ya rufe su ne ruwa da iska suka kwashe sannu a hankali, suka bar su tsaye tsakiyar fili. In ka tsaya gindin Kufena, kana kallon abin da a da yake binne cikin cikin ƙasa ne. Yawancin irin wannan giranit ɗin na Arewa shekarunsa sun kai wajen miliyan 600.

Yanzu mu koma rijiyar gidanmu, don a nan abin ya fi daɗin fahimta. Dutse ma yana ruɓewa. Ruwan sama mai ɗumi yana ratsa tsagogin giranit shekara da shekaru, kuma ma'adinan nan uku ba su da juriya iri ɗaya. Felsifa shi ne rago a cikinsu: yana rikiɗewa ya koma laka. Farar lakar da na gani a guga ita ce shi, kuma daga irinta ake samun farar ƙasar shafe ɗaki da yumɓun ginin tukwane. Baƙaƙen ma'adinai suna da ƙarfe a jikinsu, ƙarfen ya yi tsatsa, ya rine ƙasa ta koma ja. Inda damina da rani ke karɓa-karɓa, tsatsar nan tana taruwa wuri guda ta daskare, ta zama marmara. Kwaz kuwa ba ya ruɓewa, sai dai ya warware ƙwaya-ƙwaya, ruwa ya kwashe shi zuwa rafi. Shi ne yashin da masu tifa ke ɗiba a gulbi. Ashe duk abin da gugan nan ya fito da shi, daga jar ƙasa har ruɓaɓɓen dutse, dutse guda ne a matakai daban-daban na lalacewa. Shi kuma lafiyayyen giranit da ke can ƙasa ba shi da ƙofofin da ruwa zai zauna, in ba a cikin tsaga ba. Ruwan rijiyarmu iyakarsa abin da ruɓaɓɓen ɓangaren ya riƙe, kuma kaurinsa a gidanmu bai taka kara ya karya ba.

Kada a raina marmara. Da ita ake yin titin birji, da ita ake cike harsashin gini, kuma a cikinta maƙeran dauri suka riƙa samun tama. Dutsen Dala na Kano marmara ce ta yi masa hula ta hana ruwa cinye shi, kuma binciken masu tonon tarihi ya nuna ana narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Labarin baka ma cewa ya yi maƙera ne daga Gaya suka zo neman tama suka zauna. Ina ganin ba ƙari ba ne in an ce wannan jan dutsen yana cikin abin da ya kafa Kano.

Akwai wani rukunin giranit da ya fi na Kufena ƙuruciya, kuma labarinsa abin mamaki ne. Jeri ne na duwatsu da ya taso daga Azbin a Nijar, ya biyo ta Damagaram, ya ratso kudancin Kano da Bauchi har tsaunukan Jos. Da aka auna shekarunsu sai aka ga na Azbin sun haura miliyan 400, na Damagaram wajen miliyan 300, na Jos kuwa ba su kai miliyan 200 ba. Wato wutar da ta haife su ta riƙa matsawa kudu ne sannu-sannu. Waɗannan su ne masu kuza. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwe suna wanke kuza a rafi suna narkar da ita, fatake suna kai ta kasuwanni, kuma har yau akwai ta a Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa. Da Turawa suka gano tushenta a farkon ƙarni na 20, har layin dogo suka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos, aka kammala shi a 1914, don kwasar ta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an tilasta wa dubban talakawan Arewa aikin haƙar kuza cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da yawa ba su koma gida ba. Manyan kududdufan da ke kewayen Bukuru da Barikin Ladi ragowar wannan haƙar ce.

In kuwa narkakken dutse ya samu hanya ya fito fili, to aman wuta ke nan. Yana fitowa da zafin da ya haura digiri 1,000, ya haɗu da iska ya huce nan da nan, ma'adinai ba su samu sukunin girma ba. Sai a samu baƙin dutse mai nauyi, mai laushin ƙwaya, wanda ake kira basal. Wani lokaci za ka gan shi da ƙananan ramuka, gurbin iskar da ta fice yana cikin daskarewa. Tudun Biu a Borno basal ne, Tafkin Tila da ke can kuwa bakin tsohon dutse mai aman wuta ne da ruwa ya cika. Haka yankin Panyam da Kerang a Filato. Basal in ya ruɓe yana ba da ƙasa mai albarka, abin da manoman wuraren suka sani tun kafin a zo da wani bincike. Namu sun daɗe da mutuwa, amma a maƙwabta wutar ba ta mutu ba: Dutsen Kamaru ya yi amai a 1999 da 2000, kuma a 1986 iskar da ta taso daga Tafkin Nyos, shi ma bakin dutsen wuta ne, ta kashe mutum fiye da 1,700 a dare ɗaya.

To yashin da lakar da ruwa ya kwashe daga jikin giranit, ina suka tafi? Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Suna gangarawa kwari, su kwanta, wani ya hau kan wani. Nauyin na sama ya danne na ƙasa, ruwa mai ɗauke da narkakkun ma'adinai ya bi tsakanin ƙwayoyin ya liƙe su kamar siminti. Yashi ya zama dutsen yashi, laka ta zama dutsen laka mai ɓarewa falle-falle. Alamarsu ita ce layi-layi a kwance, irin wanda ake gani a jikin Dutsen Bima na Gombe ko inda aka yanka tudu don hanya ta wuce a ƙasar Sakkwato da Kabi da Adar. Manyan kwaruruka huɗu ne suka kewaye tudun giranit na tsakiyar Arewa: na Sakkwato wanda ya miƙe har cikin Nijar da Mali, na Chadi a gabas, na Binuwai, da na Bida. Haɗeja tana cikin na Chadi. Shi ya sa kawuna bai taɓa cin karo da dutse ba: tsohon dutsen yana can ƙasa, an binne shi da rairayi da laka masu kauri.

Dutsen yashi shi ne randar ƙasa. Tsakanin ƙwayoyinsa akwai ƙofofi, ruwa yana zama ciki yana kuma tafiya. In aka samu dutsen yashi a tsakiya, laka ta rufe shi sama da ƙasa, ruwan yana matsuwa, da an huda sai ya taso da kansa. A Borno an yi zamanin da rijiyoyin burtsatse ke feshin ruwa dare da rana ba famfo ba inji. Da yawa an bar su a buɗe suna zuba banza, kuma ƙarfin ruwan ya ragu ƙwarai. Wannan abin takaici ne, don ruwan da ke can ya daɗe yana taruwa, ba damina ɗaya ko goma ke mayar da shi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk wannan fanni shi ne cewa teku ya taɓa kwanciya a Sakkwato. Tsakanin shekaru miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce, ruwan teku ya sha shigowa ya ratsa inda Sahara take a yau. Shedar tana nan a ƙasa. A kewayen Wurno da Dange da Gwaranyo ana tsintar haƙoran kifayen teku da ƙasusuwan kunkuru da kada da suka koma dutse. Akwai ma wata ƙatuwar dabbar ruwa mai kama da ƙadangare da masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus, don a ƙasar Gwaranyo aka tono ta. Ɓawon ƙananan halittun wannan tekun ne ya taru ya daskare ya zama farin dutsen Kalambaina, wanda kamfanin simintin Sakkwato ke gasawa tun 1967. Irinsa ake haƙa a Malbaza cikin jihar Tawa ta Nijar, da Ashaka a Gombe. Ana niƙa shi da laka, a gasa a zafin da ya kai digiri 1,450, a ƙara masa ɗan jibsin, wani farin ma'adini mai laushi, a sake niƙawa, shi ne simintin da ke cikin buhu. Gane wannan dutsen ba wuya: wuƙa tana karce shi, don taurinsa 3 ne kacal, kuma in ka kankare garinsa ka matsa masa lemon tsami za ka ga yana kumfa.

Duwatsun shimfiɗa ne kaɗai ke adana irin wannan tarihin, don wuta ba ta taɓa su ba. A Gadoufaoua cikin hamadar Tenere ta Nijar an tono ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu shekaru wajen miliyan 110 da suka wuce, ciki har da wanda aka sa wa suna Nigersaurus da wani kada mai tsawon da ya kusa na motar bas. A cikinsu kuma ake samun makamashi. Kwal ɗin Inugu da aka gano a 1909, da na Maiganga a Gombe, da na Anu Araren kusa da Agadas, duk dazuzzukan fadama ne da aka binne. Man fetur na Agadem a Nijar da ake tacewa kusa da Damagaram tun 2011 daga irin waɗannan duwatsun yake. Yuraniyom ɗin Arlit a Nijar, ma'adinin makamashin nukiliya wanda aka fara haƙa a 1971, a cikin dutsen yashi yake kwance. Gishirin Bilma da kanwar Manga kuwa abin da ruwa ya bari ne bayan rana ta shanye shi.

Saura rikiɗaɗɗu. Duk kilomita ɗaya da ka nutsa cikin ƙasa zafi yana ƙaruwa da wajen digiri 25 zuwa 30. Dutsen da motsin ƙasa ya tura can ƙasa yana gasuwa yana matsuwa, bai narke ba, amma ma'adinansa sun sake tsari, kamar yadda tukunyar yumɓu ke fita daga wuta da wani hali daban. Giranit ya koma nayis, mai ratsin fari da baƙi a lanƙwashe kamar zanen saƙi. In ka duba falalen duwatsun da ke cikin Kogin Kaduna da rani za ka ga irin wannan ratsin, kuma wasu daga cikin duwatsun Kaduna an auna su sun haura shekara biliyan 3. Dutsen laka ya koma shist, mai ƙyalli mai ɓarewa. Farin dutse irin na Kalambaina ya koma mabul, wanda ake gogewa a shimfiɗa a masallatai da manyan gidaje, ana kuma haƙarsa a Jakura cikin jihar Kogi. Wasu masu fassara suna kiran mabul da marmara, sai a lura kada a rikita shi da jar marmarar masu haƙar rijiya.

A nan ne zinare yake, a nan ne kuma zuciyata ta fi nauyi. Jerin shist ya ratsa Anka da Maru da Birnin Gwari da Zuru. Lokacin da ake gasa waɗannan duwatsun, ruwan zafi ya bi tsagoginsu ya bar fararen jijiyoyin kwaz, a cikinsu akwai zinare. Amma ruwan bai zo da zinare shi kaɗai ba, a wasu wuraren ya zo da dalma. A 2010 aka wayi gari yara suna ta mutuwa da farfaɗiya a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF ne suka fara lura. Da aka bincika sai aka ga maza suna kawo dutsen gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Iyayen nan neman halak suke yi, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa dutsen nan mai nauyi mai sheƙin toka-toka guba ne. Kuma dangin wannan dutsen ne ake niƙawa a yi wani nau'in tozali da ake ranganɗa wa jarirai. Ina roƙon iyaye mata su yi hattara da tozalin dutse a idon yaro.

Ko giranit ɗin gini ma yana da nasa haɗarin. Ƙurar kwaz in ta shiga huhu ba ta fita, tana taruwa ta tauraro shi, bayan shekaru mutum ya kama tari da haki, a yi ta ba shi maganin tarin fuka a banza. Matan da ke zaune bakin hanya da guduma suna fasa dutse, da samarin da ke aiki a injin niƙa tsakuwa, su ne a bakin wannan. Yayyafa ruwa a kan dutsen kafin a fasa, da rufe hanci da abin da ya dace, suna rage ƙurar ƙwarai, kuma haƙƙi ne a kan masu wuraren su tanada.

Bayan shekaru masu yawa mun haɗa kuɗi mu 'yan gida za mu yi burtsatse. Wani mai injin haƙa ya ce mu nuna masa duk inda muke so kawai ya huda. Ƙanena ya ƙi, ya ce sai an kawo masu awo tukuna. Suka zo da wayoyi da turakun ƙarfe, suka kakkafa a ƙasa, suna tura lantarki suna karanta yadda ƙasar ke karɓarsa, don jiƙaƙƙiyar tsaga ta fi busasshen dutse barin wuta ta wuce. Sun yini suna ja da baya suna matsawa gaba. Daga ƙarshe shugabansu ya wuce tsohuwar rijiyar, ya fita ta ƙofar baya, ya je gindin wata tsamiya da ke bakin gona ya soka tsinke. Ya ce wa yayanmu: "Yallaɓai, a nan dutsen ya tsage." Da injin ya kama aiki, farar ƙura ya yi ta fesowa har mahaifiyarmu ta fara salati tana cewa an yi asarar kuɗi. Can wajen la'asar sai ƙurar ta yi duhu, ta koma taɓo, sannan ruwa ya biyo.